Daga tsutsa zuwa zuciyar mai jego: tarihin mikro-RNA (dogon zare)

1/ A shekarar 2019 wasu masu bincike suka ba da rahoton wata allura da suka yi wa aladun da zuciyarsu ta lalace. Cikin wata ɗaya zuciyar ta fara gyaruwa, tabon ya ragu. Bayan 'yan makonni kuma sai yawancin aladun suka faɗi matattu. Yau zan ba ku tarihin abin da ke cikin allurar nan. Zaren yana da tsawo, ku adana shi.

2/ Sunan abin mikro-RNA. Kafin 1993 ba wanda ya san da shi a duniya, amma a 2024 shi ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci. Kuma idan kun bi ni zuwa ƙarshe za ku ga yadda labarin ya biyo ta kan masu jego a Zariya, Kano, Sakkwato da Yamai. To bismillah.

3/ Bari mu fara da tushe. Jikinka ƙwayoyin halitta ne bila adadin, kuma kusan kowacce tana ɗauke da littafi iri ɗaya, wato DNA. Kowane babi na littafin shi ne ƙwayar gado. Idan ana son aiki da wani babi, sai a yi kwafinsa a wata takardar saƙo mai suna mRNA, a kai wa masu haɗa furotin su haɗa.

4/ Ga tambaya: tunda littafin ɗaya ne, me ya sa ƙwayar ido ta bambanta da ta zuciya? Amsar ita ce kowacce akwai babukan da take karantawa da ƙarfi, akwai waɗanda take rage wa murya. An daɗe ana zaton furotin ne kawai ke riƙe da wannan maɓallin rage murya. Wata 'yar tsutsa ce ta warware zancen.

5/ Tsutsar ana ce mata C. elegans. Tsawonta milimita ɗaya, ƙwayoyin jikinta 959 cif, kuma ana hango cikinta tar a madubin bincike. A shekarun 1980 wasu matasa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna aiki a ɗakin binciken Robert Horvitz a jami'ar MIT ta Amurka, suna nazarin tsutsotsin da girmansu ya rikice.

6/ Wasu tsutsotsin suna maimaita matakin jarirantaka, sun ƙi wucewa gaba. Wasu kuma suna tsallake shi gaba ɗaya. Ƙwayoyin gado biyu ne ke da hannu: lin-4 da lin-14. An gano cewa lin-4 ne ke danne lin-14, amma ta yaya? Kowannensu ya buɗe ɗakin bincikensa, Ambros ya kama lin-4, Ruvkun ya kama lin-14.

7/ A ɓangaren Ambros, mata biyu ne suka yi aikin wahalar: Rosalind Lee, wadda matarsa ce, da Rhonda Feinbaum. Abin da suka tarar ya ɗaure musu kai. Lin-4 ba ya samar da furotin ko ɗaya. Wani ɗan guntun RNA kawai yake fitarwa, mai haruffa 22. A ma'aunin ilimin lokacin, wannan tarkace ne.

8/ A watan Yunin 1992 Ambros da Ruvkun suka yi musayar jerin haruffan da kowa ya samo. Sai ga shi guntun nan na lin-4 ya dace da wasu wurare a jelar takardar saƙon lin-14. Wato yana manne mata ne ya hana a karanta ta. Suka wallafa a mujallar Cell a Disambar 1993.

9/ Kun san me duniyar kimiyya ta yi? Kusan shiru. Aka ɗauka wani abin ban mamaki ne na tsutsa kawai, bai shafi ɗan Adam ba. Shi Ambros ma jami'ar Harvard ba ta ba shi kujerar dindindin ba, ya tattara ya koma Dartmouth. Shekara bakwai aka yi a haka.

10/ A 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7. Da suka bi sawunsa sai suka same shi a ƙuda, a kifi, a ɓera, har a mutum. Nan fa ido ya raina fata. A 2001 aka gano wasu da dama lokaci guda, aka raɗa musu suna mikro-RNA. Yau an san sama da dubu a jikin mutum. Ɗan hakin da ka raina kenan.

11/ Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan zaren: mikro-RNA ɗaya ba takarda ɗaya yake rage wa murya ba. Yana iya taɓa ɗaruruwa a lokaci guda, kowacce kaɗan-kaɗan. Ƙarfinsa kenan a matsayin magani, kuma daga nan haɗarinsa yake fitowa. Duk abin da zai biyo baya, a kan wannan yake juyawa.

12/ Yanzu mu koma ga zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe a 2019. Idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, abin da muke kira bugun zuciya, tsokar wurin tana mutuwa. Ƙwayoyin da ake asara kan kai biliyan ɗaya.

13/ Matsalar ita ce zuciya ba ta toho kamar fata ko hanta. Inda ya mutu, tabo ne ke maye gurbinsa, kuma tabo ba ya harba jini. Sauran tsokar sai ta yi ta aikin mutum biyu, ta kumbura, ta saki. Ƙarshenta gazawar zuciya: haki, kumburin ƙafa, mutum ya kasa kwanciya rigingine.

14/ Wani bincike da nake so ƙwarai: a 2009 ƙungiyar Jonas Frisén a Suwidin ta yi amfani da sinadarin kabon-14 da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya suka watsa a iska kafin 1963. Da shi suka auna shekarun ƙwayoyin zuciyar mutane. Sakamako: ɗan shekara 25 yana sabunta kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, ɗan 75 bai kai rabin haka ba.

15/ Amma ba duk halitta ce haka ba. A 2002 Kenneth Poss da Mark Keating suka yanke kusan kashi 20 cikin 100 na zuciyar wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa, cikin wata biyu ta cike. A 2011 aka nuna jaririn ɓera ɗan kwana ɗaya ma yana iyawa, amma da ya kai kwana bakwai baiwar ta tafi.

16/ Wato dabarar tana nan a littafin, an dai rage mata murya ne. Masana suka ce to ko mikro-RNA ne ke riƙe da maɓallin? A 2005 ɗakin binciken Deepak Srivastava ya nuna miR-1 yana da hannu a ginin zuciya tun a ciki. A 2007 suka cire wa ɓeraye ɗaya daga cikin kwafinsa, kusan rabinsu suka mutu, da yawa da huda a bangon zuciya.

17/ A Dallas kuma Eric Olson da Eva van Rooij suka nuna a 2006 cewa idan zuciya ta shiga wahala, wasu mikro-RNA suna tashi, wasu suna sauka, a ɓera da kuma a mutum. A 2007 suka gano miR-208 a ɓoye cikin ƙwayar gadon da ke haɗa injin tsokar zuciya kanta. Ɓeran da ba shi da shi, zuciyarsa ba ta kumbura kamar sauran idan an matsa mata.

18/ Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko: idan wani mikro-RNA ya yi yawa yana ɓarna, a haɗa ɗan guntun sinadari da zai manne masa ya kashe masa baki. Ƙungiyar Markus Stoffel a jami'ar Rockefeller ta nuna haka yana yiwuwa a ɓera mai rai a 2005. Irin wannan yana aiki na ɗan lokaci, sai a sake allura.

19/ Ta biyu: idan wani ya yi ƙaranci ko ana son ƙarinsa, a ɗora ƙwayar gadonsa a cikin wani bairas da aka cire wa dafi, ana ce masa AAV, ya kai shi cikin zuciya. Wannan shi ne ainihin jinya da ƙwayar gado. Allura ɗaya ce, aikinta yana daɗewa. Amma fa idan ya shiga, babu maɓallin kashewa.

20/ Mu fara bin hanyar farko. A 2008 Thomas Thum da abokan aikinsa a Würzburg ta Jamus suka wallafa a mujallar Nature cewa toshe miR-21 yana rage tabo a zuciyar ɓera. Murna ta ko'ina. A 2010 sai ɗakin Olson ya fito da ɓerayen da aka cire wa miR-21 gaba ɗaya, amma zuciyarsu ta yi tabo kamar kowa.

21/ Manyan masana biyu, sakamako biyu masu karo da juna. Aka yi ta muhawara kan bambancin sinadaran da kowa ya yi amfani da su. Ni a ganina wannan shi ne darasi na farko ga mai karanta labaran kimiyya a waya: bincike ɗaya a kan ɓera ba magani ba ne, ko da a babbar mujalla ya fito.

22/ A wajen zuciya ma an sha wuya. Miravirsen, mai toshe miR-122 a hanta, ya rage ƙwayar cutar hanta nau'in C a gwajin da aka wallafa a 2013, amma a daidai lokacin aka samu ƙwayoyin haɗiya masu warkar da cutar, sai aka bar shi. MRX34 na kansa kuma an dakatar da gwajinsa a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi bore, mutum huɗu suka rasu.

23/ Ita ma jinya da ƙwayar gado tana da nata tabon. A 1999 wani matashi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya rasu a gwaji a jami'ar Pennsylvania, abin da ya ja wa fannin baya na shekaru. A 2015 kuma babban gwajin CUPID 2, na aika ƙwayar gado cikin zuciyar masu gazawar zuciya kimanin 250, ya ƙare ba tare da an ga amfani ba.

24/ To yanzu ga aladunmu. A Trieste ta Italiya, Mauro Giacca da Ana Eulalio suka yi wani aiki na haƙuri: suka ɗauki ɗaruruwan mikro-RNA na mutum, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, don ganin wanne zai sa su rabu biyu su hayayyafa. Suka samu 40 masu ƙarfi.

25/ Suka zaɓi biyu, miR-199a da miR-590, suka ɗora a bairas, suka kai zuciyar ɓerayen da aka jawo wa bugun zuciya. Tabon ya ragu, zuciyar ta kusa komawa daidai. An wallafa a 2012. Sai dai zuciyar ɓera ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, kuma tana harbawa sau ɗaruruwa a minti. Ana buƙatar dabba mai zuciya irin tamu.

26/ Shi ya sa aka koma ga alade, wanda girman zuciyarsa da tsarin jijiyoyinta suka yi kama da na mutum. Tare da ƙungiyar Fabio Recchia a Pisa, suka toshe jijiyar zuciyar aladu na ɗan lokaci, suka sake ta, sannan suka yi allurar bairas mai ɗauke da miR-199a a gefen inda ya lalace.

27/ Bayan wata ɗaya hoton zuciya ya nuna abin da aka yi shekaru ana mafarki. Tabon ya ƙanƙance, tsoka ta ƙaru, harba jini ya inganta. A babbar dabba fa, ba a kifi ba. Da a nan suka tsaya suka kira 'yan jarida, da duniya ta ɗauka an gama da ciwon zuciya.

28/ Ba su tsaya ba, suka ci gaba da sa ido. Wajen mako na bakwai zuwa na takwas sai aladun suka fara mutuwar fuju'a, tsarin harbawar zuciyarsu ya hargitse. Da aka duba sai aka ga tarin ƙwayoyi marasa ƙwari suna ta hayayyafa a cikin tsokar. Bairas ɗin bai daina aiki ba. An ce wa zuciya ki toho, ba a faɗa mata ranar tsayawa ba.

29/ Abin da ya burge ni shi ne sun rubuta duka biyun, nasarar da mutuwar, a takarda ɗaya a mujallar Nature. Daga nan hankali ya karkata ga aika mikro-RNA ɗin a cikin ɗigon kitse ƙanana, irin fasahar rigakafin korona na Pfizer da Moderna, don ya yi aikinsa na 'yan kwanaki ya ɓace.

30/ Wanda ya fi nisa a zuciyar mutum dai daga hanyar farko ya fito. A 2012 Thum, wanda ya koma Hannover, da abokansa suka nuna miR-132 yana tura zuciya ga kumburi mai cutarwa. A 2016 aka kafa kamfanin Cardior, suka haɗa maganin toshe shi mai suna CDR132L, suka gwada a ɓera da alade tukuna.

31/ Gwajin farko a mutane an yi shi a Landan, marasa lafiya 28, aka wallafa a 2021. Babu mummunan lahani, kuma akwai alamun sauƙi. A Maris 2024 kamfanin Novo Nordisk, mai Ozempic, ya sanar zai sayi Cardior a kan kuɗin da ka iya kaiwa yuro biliyan 1.025. Oktoban shekarar, ranar 7, Ambros da Ruvkun suka ci Nobel.

32/ Sai 2025 ta zo da sakamakon gwaji na biyu, HF-REVERT, a kan mutum kusan 300 da suka samu bugun zuciya. Jiki ya karɓi maganin lafiya, amma a babban ma'aunin da aka sa tun farko bai nuna fifiko bayyananne a kan allurar da ba magani a ciki ba. Ana ci gaba da gwada shi a wasu rukunin marasa lafiya.

33/ Yanzu ga inda labarin ya iso gida. Akwai wata gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Eldryd Parry suka bayyana yawanta a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasa.

34/ Bincike na baya-bayan nan ya gyara hoton. Rajistar PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ta wallafa a 2020 cewa a Arewa maso Yamma ana samun har mace 1 cikin haihuwa 96, daga cikin mafi yawa a duniya. A Sakkwato an taɓa samun 1 cikin 102.

35/ A lissafinsu, kunun kanwa da wankan ruwan zafi ba su fito a matsayin dalilai masu zaman kansu ba. Abin da ya fito shi ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A Yamai kuma tun 1992 Arnaud Cénac ya nuna masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Talauci dai ya fi kunu laifi.

36/ Ina mikro-RNA ya shigo? A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner a Hannover ta nuna cewa furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, idan ya tsinke yana fitar da wani guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. Shi ya sa ake ba wasu masu ciwon maganin bromocriptine. Amma maganin yana ƙafar da nono. Ku yi tunanin jaririn a gidan da ba kuɗin madarar gwangwani.

37/ A 2013 ƙungiyar Ingrid Struman a Liège ta Beljiyam, tare da ta Hannover, suka gano ɗan aiken guntun nan: miR-146a. Jijiyoyin jini ne ke ƙunsa shi su aika wa tsokar zuciya ya raunana ta. Sun same shi da yawa a jinin mata masu ciwon. Da suka toshe shi a ɓeraye, zuciyar ta samu sauƙi kuma uwar ta ci gaba da shayarwa.

38/ Maganin da zai ceci uwa ba tare da ya raba jariri da nono ba. Ban san wani yanki da ya fi namu buƙatarsa ba. Amma har yanzu a ɓera yake, kuma kun ga abin da ke tsakanin ɓera da mutum. Tambayar da nake yi wa ɗalibanmu na likitanci da kimiyya: idan ranar gwajin ta zo, da mu za a yi ko labari za mu ji?

39/ Har zuwa lokacin da nake rubuta wannan, babu maganin mikro-RNA ko ɗaya da wata hukuma ta amince a sayar, na zuciya ko na waninta. 'Yan uwansa na kusa, magungunan siRNA, sun samu shiga: patisiran a 2018, sai inclisiran mai rage kitsen jini da allura biyu a shekara. Wannan ya nuna hanyar ba a toshe take ba.

40/ Don haka duk wanda ya tallata muku garin magani ko ƙwaya a WhatsApp ko TikTok yana cewa tana gyara ƙwayoyin gado ta sabunta zuciya, ku riƙe kuɗinku. Waɗanda suka kashe shekara 30 da biliyoyi a kai ba su kai can ba tukuna.

41/ Abin da ke hannunmu yau kuma ba ƙarami ba ne. Mai ciki ta je awo, a duba hawan jininta. Mai jego da ke haki, ƙafa ta kumbura, tari da dare, ko ba ta iya barci sai an tara mata filo, kada a ce jego ne zai wuce. A kai ta asibiti a yi hoton zuciya. Magungunan da ake da su suna taimakawa, kuma da yawa suna farfaɗowa idan an kama da wuri.

42/ Nan zan tsaya. Wanda ke da mai jego a gida, ya tura mata lamba 41 ko ya karanta wa Hajiya. Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, zan bi su da daddare in sha Allah. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya.